Sunana Ba Ya Cikin Littafin

Sharaɗi ɗaya Baba ya gindaya min ranar da takardar samun gurbina a jami'a ta fito. Yana zaune a kan buzunsa bayan isha'i, ya juya takardar gaba da baya kamar mai duba haƙorin sa a kasuwa, sannan ya ce, "Uwata, karatu na yarda. Amma wurin kwananki biyu ne a duniya: ko ɗakin mahaifiyarki, ko ɗakin da hukumar makaranta ta rubuta sunanki a kai. Ban san na uku ba."

Na ce to. Murna ba ta bar ni na auna nauyin maganar ba.

A Agege aka haife ni, a nan na yi wayo, Yarbanci a bakina kamar Hausa. Baba dillalin shanu ne a abbatuwar Oko-Oba. Ya zo Ikko daga wajen Maigatari tun yana saurayi, a bayan tirela tare da shanun wani Alhaji, bai sake komawa da zama ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba sai Uwata. Mu bakwai ne a gida, kuma ni ce mace ta farko a layinmu da ta wuce sakandare zuwa jami'a. Surutun da aka yi wa Baba a majalisa Allah kaɗai ya san yawansa. Wani ya ce ya saki akuya a gonar rogo. Saboda haka sharaɗin nan ba don ni kaɗai ya gindaya shi ba, da shi yake rufe bakin mutane: 'yata tana hannun hukuma, ga sunanta a rubuce.

Jami'ar gwamnati ce a nan cikin Legas. Ba zan kama suna ba, domin abin da na gani a can shi 'ya'yan mutane ke gani daga Sakkwato har Fatakwal.

Shekarar farko, 2019, Allah ya rufa asiri. Al'adar yawancin jami'o'inmu ita ce a fara duba 'yan ajin farko da 'yan ajin ƙarshe wajen rabon gado, na tsakiya kuwa kowa tasa ta fisshe shi. Na samu gadon sama a wani ɗaki mai gado huɗu masu hawa biyu. A takarda mu takwas ne. Kafin wata ya ƙare mun kai goma sha biyar, don kusan kowace mai gado tana da 'yar raɓe. Da dare sai a shimfiɗa katifu a ƙasa tsakanin gadaje, in fitsari ya kama ki ƙarfe uku sai kin yi tafiyar hawainiya kada ki taka kan wata. Bokitai kuwa tun kafin asuba suke layi a bakin famfo, kowane da alamar mai shi, wani da jan farce, wani da igiyar takalmi. Ga kuɗin cizo. Ban san wanda ya raɗa wa ƙwaron nan suna ba, amma ya iya raɗin suna, don shi ne kuɗin da ɗalibi ba ya taɓa rasawa.

Gaskiyar da ban cika son faɗa ba ita ce, raina 'yan raɓen nan nake yi. Ina ganinsu masu cinye mana iska da ruwa. Ni ce kaɗai ban ɗauki kowa ba a ɗakin, ina kwance ɗaiɗai a gadona kamar 'yar sarki. Sai wani dare ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, na dawo daga masallaci na tarar da wata yarinyar sashenmu zaune a matattakala da jaka a cinya. 'Yar Ijebu ce, Kirista, tana gabana da aji ɗaya. Wadda take raɓe wurinta sun yi faɗa, ta watso mata kaya. Na wuce ta, na hau hawa biyu, na tsaya. Na dawo na ce mata da Yarbanci ta zo ta kwana, amma na yau kaɗai. Wata bakwai ta yi. Kanta a ƙafafuna, kaina a nata. Hajiya take kirana, kuma ita ke zungurina in na makara sallar asuba.

Da muka shiga aji biyu sai ƙuri'ar gado. A intanet ake yi: a sa rana da lokaci, a buɗe shafi, wanda ya riga shiga ya danna shi ke da gado. An ce ƙarfe goma na safe. Tun tara da rabi ina shagon wani mai kwamfuta a bakin titi, Yaya yana gefena da wayarsa, mai shagon ma ya buɗe a tasa, mu uku a kan suna ɗaya. Goma ta buga. 'Yar da'irar nan ta fara juyawa a tsakiyar allo. Ta juya, ta juya, shafin ya ɗauke. Muka sake shiga, ya ce lambar sirri ba daidai ba, alhali ita ce. A karo na huɗu ya buɗe tas, har da hotona a kusurwa, a ƙasa an rubuta babu sauran gado. Na kalli agogon bango, ko kwata ba a yi ba. Mai shagon ya ce in yi haƙuri, sannan ya karɓi kuɗinsa cif.

Da yamma har an fara cinikin gado a waya. Wanda ya ci ƙuri'a kuma ba ya buƙata, sai ya sayar ninkin ba ninkin abin da ya biya makaranta. Na kai wa Baba maganar a hankali. Tambaya ɗaya ya yi: "In an saya, sunan wa ke kai?" Na ce na mai sayarwa. Ya ce, "To an sayi sa ba takarda ke nan. Ranar da mai shi ya zo, ke ce ɓarauniya."

Haka na koma jeka-ka-dawo daga Agege. Wanda bai san Legas ba zai ce ai duk gari ɗaya ne. Ƙarfe huɗu da rabi nake tashi, Yaya ya raka ni bakin titi cikin duhu. A lokacin ana kan ginin gadar Pen Cinema, wadda sai a Maris na 2021 aka buɗe ta, ana kuma aikin hanyar manyan motocin bas na BRT daga Abule Egba zuwa Oshodi, titi duk a tone. Danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya, ɗaya zuwa Oshodi, wata daga nan, sannan ta uku zuwa ƙofar makaranta. Ranar da aka dace awa biyu, ranar da ba a dace ba sai yadda hali ya yi. Ana cikin haka, ranar 1 ga Fabrairu 2020 gwamnatin jiha ta hana acaɓa da keke a wasu ƙananan hukumomi har da Ikeja, jama'ar da ke hawansu suka dawo kan danfo, kwandastoci suka samu abin da suke so. Na iya karatu a tsaye, hannu ɗaya a ƙarfe, ɗaya riƙe da takarda. Na taɓa rasa gwaji mai maki ashirin don motarmu ta mutu a kan hanya, na iso malam ya rufe ƙofa. Ban ga laifinsa ba. Ya ce takwas, na zo tara saura.

Abin da ya karya Baba wani dare ne da aka fizge min waya a Oshodi. Lakca ta kai mu magariba, ga cunkoso, ga ba hanyar kira. Sai wajen sha ɗaya na sauka. Daga nesa na hango shi a bakin layi da tocila, yana haska fuskar duk wanda ya sauko daga mota. Umma ta ce tun takwas yake wurin, ko tuwo bai taɓa ba. Bai ce min komai ba a daren. Da safe, yana ɗaura agogo, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Ashe kwanan hanya ma kwanan waje ne."

Shi da kansa ya shiga neman ɗaki a unguwar da ke bayan makaranta. Dillali ya sha yawo da dillali. Ya ƙi gidaje sun fi biyar, wani don samari sun yi yawa, wani don ya ga alamar inda ruwa ke kaiwa a bango in damina ta sauka. A ƙarshe ya samu ɗaki ɗaya a gidan wata dattijuwa Bayarabiya, Alhaja, irin gidan nan mai dogon lungu, ƙofa na kallon ƙofa, banɗaki da madafa na kowa da kowa. Ya zauna da ita, suka yi magana mai tsawo, ya ce amana ya kawo mata. A wurinsa wannan ne ya maye gurbin littafin hukuma. Mu uku muka haɗa, ni da wasu yara biyu 'yan Ilori. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, kuma Alhaja ba ta wuce haka ba. Amma kafin a zo kan hayar akwai la'adar dillali, akwai kuɗin yarjejeniya, akwai na ajiya ko da za a fasa wani abu. Kasona kaɗai sai da ya cinye ɗan maraƙin da Baba yake kiwo don Babbar Sallah.

Kwana goma sha tara na yi a ɗakin. Na ƙirga. Ranar 23 ga Maris 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aikin sai baba ta gani, ga korona, ƙarshen watan aka kulle Legas gaba ɗaya. Na ɗauko 'yan kayan sawata da niyyar mako biyu. Ba a janye yajin ba sai 23 ga Disamba. Wata tara ɗakin yana kulle, katifata tana cin ƙura, haya tana tafiya. Da muka koma Baba ya je ya roƙi Alhaja ko za ta ɗaga mana ƙafa. Ta ce ita ma da hayar take ci, kuma ba ita ta rufe makaranta ba. Gaskiya ta faɗa. Baba ya dawo ya ce, "Maraƙin nan dai kura ta ci, kuma ban san wace kura zan kai ƙara ba."

A zaman gidan nan ne na fara bin diddigin maganar, tun da tattalin arziki nake karanta, kuma haushi yana sa mutum bincike. Akwai wani tsohon malaminmu da in ya fara labarin zamaninsu sai mu riƙa kallon juna. Wai su biyu a ɗaki, ana ba su abinci da tikiti, ana wanke musu zannuwan gado. Kuɗin gado naira 90 ne a shekara, kuma ya daɗe a haka har kuɗin ya zama ba ya sayen ko kwan fitila. Ɗalibai suka yi ta ninkuwa, gine-ginen suna nan yadda aka bar su. A 2012 gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu ya zagaya jami'o'in gwamnati ya ga abin da suke buƙata. Ya samu ɗalibai sama da miliyan 1.2, gadon da ake da shi kuwa bai wuce na kusan mutum ɗaya cikin goma ba. Rahoton nan yana cikin abin da ASUU ta riƙe a yajin 2013. Da na ga lissafin sai na daina zargin sa'ata. Ashe tun kafin in zauna gaban kwamfutar nan, tara cikin goma an riga an kayar da mu.

Akwai asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, wanda tushensa ya faro a 1993 daga harajin da ake cire wa kamfanoni, aka sake masa doka a 2011. Duk wanda ya shiga jami'ar gwamnati ya ga sunansa a jikin gini. Sai dai shekaru da yawa ƙarfinsa ya tafi ne kan ajujuwa, ɗakunan karatu da na gwaje-gwaje, da tura malamai ƙaro ilimi. Wurin kwana kuwa, tun zamanin Obasanjo gwamnati ta karkata ga 'yan kasuwa: makaranta ta ba da fili, mai kuɗi ya gina, ya yi shekaru yana karɓar haya har ya fanshe, sannan ya miƙa ginin. Jami'ar jihar Legas da ke Ojo ma, da aka kafa a 1983, tun asali ba a tsara ta da kwanan ɗalibai a ciki ba, kuma da gwamnatin jiha ta tashi gyara wannan, hanyar 'yan kasuwar ta bi.

Na ga irin wannan gini da idona, tare da Baba. Ƙarshen 2021 ne, na shiga aji uku, na sake faɗuwa ƙuri'a. Baba ya ji a rediyo ana yabon sababbin ɗakunan da 'yan kasuwa ke ginawa, ya ce mu je, tun da can ana rubuta suna. Wallahi wurin ya yi kyau. Tayil har bango, banɗaki a cikin ɗaki, janareta na ruri a baya, mai gadi da kaki. Wata budurwa a ofis ta miƙo mana takardar farashi da murmushi. Na karanta wa Baba na mutum huɗu a ɗaki, mafi araha ke nan. Ya ce in sake. Na sake. Ya yi shiru yana motsa yatsu, na san shanu yake mayar da kuɗin. Ya ce, "Na ɗaki ne ko na gado?" Na ce na gado ɗaya, shekara ɗaya. Ya miƙe ya yi wa budurwar godiya sosai, har da sa albarka. Sai da muka fito titi ya ce, "Uwata, mutumin nan bai yi laifi ba. Ko ni na kafa rumfa da kuɗina, mai iya biya zan ba. Abin da ban gane ba, da aka ce an gina wa ɗalibai, waɗanne ɗaliban ake nufi?"

A makon ne 'yar Ijebu ta kira ni. Ta shiga ajin ƙarshe, ta samu gado. Ta ce, "Hajiya, kawo kayanki. Na yau kaɗai." Muka yi dariya.

Na je na ce wa Baba an sake sakin wasu gadaje, sunana ya fito. Ya ɗaga hannu ya yi hamdala. Umma ta dube ni, ta daɗe tana dubana, ba ta ce komai ba.

Sai da na zama 'yar raɓe na san abin da na yi wa mutane da ido a ajin farko. Ba ki da kabad, kayanki na cikin jaka ƙarƙashin gado. Ba kya sa baki in ana gardamar fanka. In an rasa cokali ke za a fara kallo. Shiga da fita sai kin karanci fuskar masu tsaron ƙofa, kin san wadda ke kawar da kai da wadda ba ta yi. Wani dare aka zo bincike wajen ƙarfe ɗaya, ana buga ƙofofi ana neman katin gado. Mu shida muka dunƙule a banɗaki ɗaya cikin duhu, ƙafafunmu cikin ruwa, wata tana karanta Ayatul Kursiyyu a kunnena, wata tana kiran Yesu a ɗaya kunnen. Da aka kama na hawan ƙasa, mai gado da 'yar raɓenta duka aka kora. Washegari ina da jarrabawa. Na rubuta, na ma ci, amma har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi cikin dare sai gabana ya faɗi.

Wata Juma'a a farkon 2022, bayan an sauko masallaci, wayata ta yi ƙara. Baba ne. Ya ce, "Uwata, ina ƙofar gininku." Tun ajin farko bai sake zuwa ɗakunan kwananmu ba. Na sauko ƙafafuna kamar ba nawa ba. Yana zaune a kan wani dakalin siminti ƙarƙashin bishiya, da farar rigarsa ta Juma'a, leda a gefensa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi karatu, ya tambayi jiki. Sannan ya ce, "Na ba matar can sunanki. Ta duba littafi sau biyu. Na ce ta duba da sunan kakanki, ko da shi aka rubuta. Ta duba."

Na sunkuyar da kai. Bakina ya bushe.

"Sai na ce mata ƙila ginin na ɓata, tsufa ne." Ya ɗan yi shiru. "Kin ga kin sa ni ma na yi tawa. Ranar Juma'a."

Kuka ya ƙwace min. Ban san 'yar Ijebu ta biyo ni ba sai da na ga ta zube gwiwa biyu a gabansa yadda suke gaida manya. Ta yi masa bayani da Yarbanci, shi kuma Yarbancin kasuwa ba a layi aka bar shi ba. Ta ce, "Baba, 'yarku ta ajiye ni wata bakwai lokacin da ba ni da inda zan sa haƙarƙarina. Bashi nake biya." Wannan labarin ma bai sani ba. Ya dube ni, ya dube ta. Ya ce faɗin gadon nawa ne. Na gwada masa da hannu. Ya ce, "Ku biyu?" Muka ce e. Ya girgiza kai ya ce ko tumaki biyu ba ya ɗaurewa a wuri irin wannan.

Ya daɗe yana kallon ginin, tagogi duk shanya. Can ya ce, "Ƙaryar ta yi min ciwo. Amma ni na ce wuri biyu, ban tambaya ko akwai na biyun ba." Ya ɗauki ledar, dambun nama ne Umma ta yi, ya miƙa wa 'yar Ijebu, ba ni ba. Ya karɓi lambar mahaifiyarta. Tun daga shekarar, duk Babbar Sallah sai cinya guda ta tafi Ijebu-Ode a mota.

Bayan 'yan makonni, 14 ga Fabrairu, aka sake shiga yajin aiki, sai 14 ga Oktoba aka dawo. Wannan karon ko ba komai ba mu yi asarar maraƙi ba. A ajin ƙarshe na samu gado da sunana, na ɗauki 'yar raɓe tun ranar farko, na gama a 2024. Karatun shekara huɗu ya ci biyar da ɗoriya.

Akwai wadda nake yawan tunawa. 'Yar maƙwabtanmu ce, ta fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba, lissafi kamar ruwa. Ta samu gurbi shekara biyu bayana, amma sunanta ya fito a makare, an riga an gama rabon gado. Mahaifinta ya ce ba zai iya haya ba, kuma 'yarsa ba za ta riƙa dawowa sha ɗayan dare ba, ga abin da ya faru da 'yar gidan dillali. Da ni aka yi mata misali. Ta ce za ta jira baɗi. Baɗi ta zo ta same ta a ɗakin miji. Tana lafiya, tana da yara biyu, tana sayar da atamfa ta waya, ba ta taɓa yi min ƙorafi ba. Amma in ana lissafin ɗaliban da ba su da gado, ba a ƙirga ta, tun da ba ta zama ɗaliba ba. Namiji zai kwana a aji, ya kwana a masallaci, ya yi wanka a bayan gini kafin gari ya waye, a ce jarumi ne. A gidajenmu mace ba ta da wannan damar. Gadon shi ne takardar izininta.

Yanzu ana ta sababbin shirye-shirye, kuma ba zan ce ba a yi komai ba. A 2024 an ƙaddamar da shirin haɗin gwiwa tsakanin TETFund da masu zuba jari na gina ɗakunan kwana masu gado 1,600 a kowace makarantar da aka zaɓa. A shekarar ce kuma asusun ba ɗalibai rance na NELFUND ya fara aiki, yana biyan kuɗin makaranta, yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata. Ƙanwata tana karɓa, kuma yana rage zafi, musamman tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya haukace. Jirgin ƙasan da ke bi ta Agege zuwa Oyingbo ma ya sauƙaƙa mata abin da ni na sha a danfo. Amma ku tara 20,000 ɗin nan na shekara guda, kada ta ci ko ƙwandala, ku je unguwannin da ke kewaye da kowace jami'a a Legas ku tambayi ɗaki.

Ni ba na cikin masu zagin 'yan kasuwar. Na karanta lissafinsu. Wanda ya ci bashi lokacin da kuɗin ruwan Babban Banki ya kai kashi 27.5 a ƙarshen 2024, ya sayi siminti da rodi a farashin yau, ba zai ba da gado a kuɗin 'yar dillali ba ko da waliyyi ne. Ginin nasu yana da amfani, don in masu hali suka koma can, ƙila a samu sarari a tsofaffin. Sai dai na ga masu halin ma suna shiga ƙuri'ar, su ci, su sayar. Abin da nake jira in ji shi ne, tun da filin na gwamnati ne, gado nawa cikin 1,600 ɗin za a ware a farashin talaka, kuma wa zai cike giɓin. Ranar da na karanta wa Baba labarin shirin, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Allah ya sa. Mu dai a kasuwarmu ba a biyan kuɗin gafara sa, sai an ga ƙaho."

Watan jiya ƙanwata ta shiga aji biyu. Ranar ƙuri'a mu huɗu muka zauna a tsakar gida, kowa da waya, Baba a kan kujera yana leƙen tawa duk da ba ya karanta boko. Da'irar ta yi ta juyawa. Da shafin ya buɗe ban yi magana ba, ita ma ba ta yi ba. Baba ya dubi fuskokinmu ya gane.

Ya tashi ya shiga ɗaki. Muka ji yana jan wani abu daga saman kabad. Ya fito da 'yar siririyar katifata ta makaranta, a naɗe da igiya, ya kakkaɓe ta ya jingina a bango. Ya ce wa ƙanwata, "Auta, a cikin 'yan ajin ƙarshe akwai mai hankali da kika sani?" Ta ce akwai wata 'yar Auchi.

Ya ce, "Karɓo min lambarta. Da ta uwarta."